Madaki Auwa, Matar da ta Riƙe Kano Daga Cikin Kulle

Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, shi ne ya gina gidan sarautar da har yau ake kira Gidan Rumfa, ya kafa kasuwar Kurmi, ya tsara majalisar Tara ta Kano. Shi ne kuma littafin Tarihin Kano ya ce ya fara kulle. To, a cikin wannan kullen aka sami matar da ta fi yawancin hakimansa faɗa a ji. Sunanta Auwa, wato Hauwa, matar Rumfa ce, ana ce mata Madaki Auwa.

Da Rumfa ya rasu, ɗanta Abdullahi ya gaje shi. Tun daga nan sunanta ya fito fili. Ta gina gida nata na kanta, wanda aka riƙa kira Gidan Madaki Auwa, manyan gari kuwa suka san ba a yanke magana babba a bayan idonta.

Abdullahi mayaƙi ne. Ya ci gaba da yaƙin Katsina da ya gada daga ubansa, sannan ya juya ya nufi Zazzau, ya yi sansani a Kadaure. Fitar sarki yaƙi a wancan zamani fitar ƙarfin gari ce gaba ɗaya. Barade da masu lifidi sun bi shi, hakimai sun tafi da dawakinsu, an bar birni da tsofaffi da malamai da 'yan kasuwa da bayin gida.

Akwai kuwa mai jiran irin wannan rana. Tun zamanin Sarki Dauda, tsakanin 1421 da 1438, wani ɗan sarauta daga Barno da ake kira Dagaci ya zo Kano da jama'arsa, aka ba shi masauki, aka girmama shi, har Dauda ya bar masa riƙon gari lokacin da ya fita yaƙi. Gidan Dagaci ya yi ta bunƙasa da dukiya da mabiya, ga kuma Barno a bayansa. Mai riƙe da sarautar Dagaci a zamanin Abdullahi ya ga gari ba sarki, sai ya fara shirin tawaye.

Da Abdullahi ya komo, ya tarar saura ƙiris wuta ta kama. Abin da ya hana ta kamawa shi ne kwarjinin mahaifiyarsa, ita kaɗai. Ta riƙe birnin har ɗanta ya dawo ya same shi yadda ya bar shi.

Maganar ba ta tsaya nan ba. Saboda wannan batu na Dagaci, Sarkin Barno ya taso da yaƙi ya sauka kusa da Kano. Abdullahi bai tare shi da mashi ba. Ya fita da malamansa, ya ƙasƙantar da kai, Sarkin Barno ya juya gida. Yana juya baya, Abdullahi ya tuɓe Dagaci, ya ba wani bawansa sarautar.

A 1509 jikan Auwa, Muhammadu Kisoke, ya hau gado. Zamani ne na 'yan maza. A yamma, wajen 1516, Kanta ya ɓalle daga Songhai ya kafa daular Kabi, a gabas kuma Barno ba ta daina hangen Kano ba. Kisoke ya kai wa Barno hari a Nguru, da Sarkin Barno ya zo ramuwa kuma ya kasa cin birnin Kano. A cikin gida kuwa, da mutum uku Kisoke yake mulki: uwarsa Iya Lamis, da kakarsa Madaki Auwa, da Guli ɗan'uwan Auwa. Gulin nan ya sami shiga wurin sarki har ikonsa ya game ƙasar.

A nan kuma ɓarakar ta fito. Kisoke ya rasu a 1565, ɗansa Yakufu ya hau. Wata huɗu da kwana 20 kacal ya yi, Guli ya tuɓe shi. Galadima Sara Katunya ya ce ba za ta saɓu ba, basasa ta ɓarke tsakaninsu. Kwana 40 Kano ba ta da sarki. Galadima ya kashe Guli, ya nemi ya mayar da Yakufu kan gado, Yakufu ya ce ya yafe. Aka naɗa ɗansa Dauda Abasama, shi ma wata ɗaya da kwana 20 aka tuɓe shi.

Da masu zaɓen sarki suka rasa tudun dafawa, sai suka koma ɗakin Auwa. Suka ɗauko ɗanta Abubakar Kado, shaƙiƙin Abdullahi, dattijon da ubansa ya rasu shekara 66 da suka wuce, wanda ba abin da ya dame shi sai karatu da ibada. Shi ne ya tilasta wa 'ya'yan sarki karatun Alƙur'ani. A 1573 aka tuɓe shi, sarauta ta koma hannun Muhammadu Shashere ɗan Yakufu. Duk waɗanda suka hau gadon Kano a wannan rikici, da wanda aka tuɓe da wanda aka naɗa, jinin Madaki Auwa ne.