Shiri na Musamman: Dokar Hana Kamun Kifi a Tafkin Cadi da Rayuwar Masunta

Alakos, a gundumar Gure ta jihar Damagaram, ƙasar gero da kiwo ce, babu kogi. Kifin da ke shiga miyar mutanen wannan yanki yawanci banda ne, wanda fatake ke kawowa daga nesa. Babban tushen bandan gabashin Nijar kuwa shi ne Tafkin Cadi, a jihar Diffa, kan hanyar mota da ta ratsa Gure.

A bakin tafkin, wajen Ngigmi da Boso, Buduma da Barebari da Hausawa suka daɗe suna sana'ar su. Masunci zai shiga kwalekwale da asuba, ya duba taru da ƙugiyoyin da ya kafa, ya fito da tarwaɗa da karfasa. A gaɓa ake feɗe kifin, a naɗe tarwaɗar, a jera bisa waya, hayaƙi na ratsa ta har ta yi baƙi ta bushe. Daga nan a cika kwalaye, motoci su nufi kasuwanni, mafi yawa na Najeriya.

Hana kamun kifi ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. A Argungu, Sarkin Ruwa na tsare kogin Matan Fada har ranar bikin kamun kifi, domin kifi ya hayayyafa. Nijar ma ta kafa dokar kamun kifi a shekarar 1998. Irin wannan hani ruwa yake hutarwa, kuma ribarsa ga masunci take komawa.

Hanin 2015 daban ne. A watan Fabrairun shekarar, bayan hare-haren Boko Haram a Boso da Diffa, gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci, ta kuma hana kamun kifi da cinikinsa, da cinikin tattasai, bisa hujjar cewa mayaƙan na samun kuɗi ta wannan hanya. Bayan harin tsibirin Karamga a watan Afrilu, aka kwashe dubban mutane daga tsibiran tafkin.

Ba masunci kaɗai abin ya shafa ba. Mai ƙera kwalekwale, mai sayar da itacen banda, ɗan dako, direba da matar da ke kasa kifi a kasuwa, duk abincinsu ya tsaya. Magidanta da ke ciyar da wasu suka koma jiran taimakon abinci a sansanonin gudun hijira. Wasu suka ci gaba da shiga ruwa a ɓoye, suna kasada da rayukansu.

An ɗage hanin tattasai a 2017, na kifi kuma a 2019. Amma wanda jarinsa ya karye, tarunsa ya ruɓe, ɗage doka kaɗai ba ya mayar da shi ruwa. Duk hanin da ya raba mutum da sana'arsa yana bukatar wa'adi sananne, da shawarar masu sana'ar, da abin da iyali za su ci kafin a buɗe ruwa.