GUDU DA SASSAUTAWA: HANYAR KARE ZUCIYAR YARA MASU ƘIBA

A Kafanchan da garuruwan da ke kewaye da ita, kamar sauran sassan ƙasar nan, an daɗe ana ɗaukar ƙibar yaro a matsayin shaidar cewa gidansu akwai wadata. Likitoci kuwa ba haka suke ganin al'amarin ba, gama kitsen da ya yi yawa tun ana ƙuruciya shi ne ke share fagen hawan jini da ciwon sukari da ciwon zuciya idan an girma.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa a shekarar 2022 yara da matasa miliyan 160, 'yan shekara 5 zuwa 19, ke da ƙiba mai yawa a duniya. Watau 8 cikin kowane 100, alhali a 1990 biyu ne kacal. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne ko a kudancin Kaduna: ɗan makarantar da a da yakan taka sayyada zuwa aji, yau babur ko Keke Napep ke kai shi, lemon kwalba da soye-soye sun ture kunun acca, wayar hannu kuma ta cinye lokacin wasa.

Akwai wata hanyar motsa jiki da masana suka ga tana da amfani ƙwarai ga irin waɗannan yara. Yaro zai yi gudu ko tafiya da ƙarfi na 'yan mintoci har ya fara haki, sa'an nan ya sassauta, sa'an nan ya sake ɗauka. 'Yan tsere sun daɗe da saninta. Da ita Emil Zatopek ya yi horo, wanda ya ci lambobin zinariya 3 a gasar Olamfik ta 1952.

A wani bincike da masana na birnin Trondheim ta ƙasar Norway suka buga a 2009, an sa matasa masu ƙiba aiki mai ƙarfi na minti 4, har sau 4, da sassautawar minti 3 a tsakani, sau biyu a mako, tsawon wata 3. Ƙarfin numfashinsu ya ƙaru, jijiyoyin jininsu kuma suka ƙara lafiya. Dalili kuwa shi ne, zuciya tsoka ce, idan aka matsa mata aka bar ta ta huta, sai ta riƙa tura jini mai yawa a kowane bugu. Saboda haka ko ma'auni bai nuna nauyi ya ragu sosai ba, kada iyaye su ce aikin banza ne.

Abin farin ciki, wannan horo ba ya bukatar kuɗi. Filin wasa na Kafanchan da filayen makarantu sun wadatar, haka nan hawa da gangara a gindin dutsen Kagoro. Amma lalle a fara kai yaro asibiti a duba shi, musamman mai sikila ko asma ko ciwon zuciya. A fara da kaɗan-kaɗan, da sanyin safiya ko yamma, a kuma tanadi ruwan sha. Wanda ya ji jiri ko ciwon ƙirji sai ya tsaya nan take.

Sauran aiki yana wuyan iyaye da malamai. Yaron da ake yi wa ba'a da kirarin "ɗan lukuti" a fili ba zai sake fitowa ba, kuma shi ne ya fi kowa bukatar filin. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.