Yadda Ake Lissafin Yawan Ruwa da Gudunsa a Cikin Bututu

Abu biyu ne ake yawan haɗa su wuri guda idan ana maganar ruwan famfo, wato yawan ruwan da ke wucewa cikin bututu a kowace daƙiƙa, wanda ake aunawa da lita, da kuma gudunsa, wato nisan da yake ci a daƙiƙa guda, wanda ake aunawa da mita. Ƙa'idar da ta haɗa su, wadda masanin Italiya Benedetto Castelli ya bayyana a 1628, ita ce yawan ruwa daidai yake da girman bakin bututu sau gudun ruwan. Kuma tunda ruwa ba ya matsuwa, abin da ya shiga ta wannan baki shi ne zai fita ta wancan, ko da bututun ya tsuke a hanya.

Ana iya gwada wannan da jarka da agogo kawai. Idan jarka mai lita 25 ta cika cikin daƙiƙa 50, yawan ruwan rabin lita ne a daƙiƙa. Bututu mai faɗin milimita 25 daga ciki, wanda ya yi kusan inci ɗaya, bakinsa murabba'in santimita 4.9 ne, don haka idan ta cikinsa wannan ruwa ya bi, yana cin kimanin mita ɗaya a daƙiƙa. A bututun milimita 50 gudun zai sauka zuwa rubu'in mita, a na milimita 12.5 kuwa zai haura zuwa mita huɗu, domin rage faɗi da rabi yana mayar da girman baki kashi ɗaya cikin huɗu. Faɗin ciki ake aunawa, saboda incin da ake kiran bututu da shi a kasuwa ba lallai ne ya zo daidai da faɗin cikinsa ba.

A nan ne masu noman rani da masu rijiyar burtsatse ke yawan yin asara, domin ruwan da ke feshi da ƙarfi daga siririn tiyo yakan sa a ɗauka ya fi yawa, alhali gogayyarsa da jikin bututu, wadda ke ƙaruwa kusan ninki huɗu duk lokacin da gudu ya ninka, tana cinye ƙarfin injin da ke tura ruwan. Bisa lissafin da ke ɗauke da sunan Darcy da Weisbach, tura ruwa mai yawa ɗaya ta bututun da faɗinsa ya ragu da rabi yana ninka wannan asara kusan sau 32, kuma a kuɗin fetur manomi ke biyanta.