Yadda ake zana hoton dabba da fenti: abin da na gani a Vom

Jama'a, a Vom na tashi, kusa da Jos, garin da Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa take tun 1924. Babana fatakin shanu ne, yana saye a Karar Bukuru ya yi lodi zuwa Legas. Akwai wani farin bijimi, Bunaji, da ya ƙi sayarwa shekara da shekaru. Da ya mutu, hoto ɗaya kawai ya rage a wayata. Na kai wa wani mai rubutun allon talla, ya zana mana sa mai guntun ƙaho kamar Bokolo. Baba ya duba ya ce, "Wannan ba nawa ba ne." Kuɗi sun tafi a banza.

Sai na samu wani mai zane a nan Vom, na zauna na ga aikin tun daga farko. Ga yadda abin yake, don masu son hoton rago, doki ko sa a allon shago.

Na farko dai hoto. Ya ce a ɗauka da safe ko da la'asar, rana na bayan mai ɗauka, a durƙusa daidai tsayin idon dabbar. In ka ɗauka daga sama, kai zai fito ƙato, ƙafafu su gajarce.

Na biyu, ya buga hoton a takarda ya ja masa layuka gida-gida, ya ja irinsu manya a kan allon da ya riga ya shafa wa farin fenti. Da fensir yake kwafe abin da ke kowane gida. Nan ne ake samun daidai tsawon ƙaho da girman tozo. In ya kuskure a nan, fenti ba zai gyara ba.

Na uku, launi. Ya fara da inuwa, wato ƙarƙashin ciki da wuya, sannan ya hau da mai haske. Abin da ya ban mamaki, farin sa ba da fari zalla ake yinsa ba, sai an sirka toka-toka da ɗan ruwan ƙasa. Gashi kuma da ƙaramin buroshi, yana bin yadda ya kwanta.

Ido ne ƙarshe, da baƙin hanci da tsagar kunne. A nan ya yi ta tambayar Baba, don mai dabba ne ya san alamarta.

Fentin mai yakan ɗauki kwanaki kafin ya bushe, balle a sanyin Filato, ga ƙurar hunturu. Sai ya bushe sarai ake shafa banish.

Shawarata ga 'yan uwa na Agege, Sabo ta Ibadan ko Lokpanta: ku tura hoto uku ta WhatsApp, gefe, gaba da fuska. Ku faɗi irin dabbar da bakinku, don ba kowane mai zane ne ya san bambancin Bunaji da Rahaji ba. Ku ga zanen fensir kafin ku cika kuɗi. Batun hukuncin zanen abu mai rai kuwa, malamai sun yi magana a kai, kowa ya tambayi malaminsa tukuna.

Ranar da aka kawo namu, Baba ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Shi ne."