Adaftar kaset ta mota

Adaftar kaset wata ƙaramar na'ura ce mai siffar kaset, wadda ake zura wa a rikodar mota domin a ji sautin wayar hannu, ko MP3, ko na'urar CD ta lasifikokin motar. Babu zaren kaset a cikinta. Tana da siririn kebul da ke fitowa daga gefenta, mai kai irin na iyafis (faɗin milimita 3.5), wanda ake sokawa a jikin na'urar da ke ɗauke da sautin. Amfaninta shi ne tana bai wa mai tsohuwar mota damar sauraron abin da ke cikin wayarsa ba tare da ya cire rikodar da motar ta zo da ita ba.

Tarihi

Kamfanin Philips na ƙasar Holan ne ya fito da kaset a shekarar 1963, kuma daga baya rikodar kaset ta zama ruwan dare a cikin motoci. A shekarar 1984 kamfanin Sony na Japan ya fito da na'urar CD ta hannu, sai aka samu mutane da yawa suna da faifan CD amma motocinsu kaset kaɗai suke ci. Wannan giɓi ne adaftar ta zo ta cike. Wani injiniya ɗan Amurka mai suna Larry Schotz ya samu takardar mallakar ƙirƙirarta a shekarar 1988, kamfanin Recoton kuma ya riƙa sayar da ita. Kasuwarta ta ƙara buɗewa bayan fitowar iPod a shekarar 2001. A Amurka, Lexus SC 430 ƙirar 2010 tana cikin motoci na ƙarshe da suka fito daga kamfani da rikodar kaset.

Yadda take aiki

A kaset na gaskiya, sauti yana ajiye ne a jikin zare ta hanyar maganaɗisu. Zaren yana gogar hed ɗin rikoda da gudun santimita 4.76 a kowace daƙiƙa, hed ɗin kuma yana mayar da maganaɗisun zuwa lantarki, daga nan ya zama sauti.

Adafta tana da nata hed a daidai wurin da zare ke wucewa. Idan aka zura ta, hed ɗinta yana fuskantar na rikodar baki da baki. Lantarkin sautin da ke fitowa daga waya yana bi ta naɗaɗɗiyar tagullar da ke cikin hed ɗin adaftar, ya haifar da maganaɗisu mai hawa da sauka, rikodar kuma ta karanta shi tamkar zare ne ke wucewa. Saboda haka irin wadda ke da kebul ba ta buƙatar batir.

Akwai kuma ƙananan ƙafafu masu haƙora a cikinta da ke haɗa ramukan juyawa guda biyu. Aikinsu shi ne su nuna wa rikoda cewa kaset yana tafiya. In ba don su ba, rikodar za ta ɗauka zare ya ƙare, ta tsaya, ko ta juya gefe, ko ta tofo adaftar waje.

Amfaninta a Kano

Kano tsohuwar cibiyar cinikin kaset ce. Kasuwar Ƙofar Wambai ta yi suna wajen kwafa da rarraba kaset na karatun Alƙur'ani, da wa'azi, da waƙoƙin mawaƙa irin su Mamman Shata da Ɗanmaraya Jos, da waƙoƙin finafinan Hausa. Daga baya waɗannan duka suka koma cikin memori da wayar hannu.

Motoci kuwa ba su sauya da irin wannan saurin ba. Yawancin motocin da talaka ke iya saye na hannu ne, waɗanda ake kira Beljiyam ko 'yan Kwatano, irin su Golf 3, da Peugeot 406, da Honda da Toyota na shekarun 1990, kuma da yawansu sun zo ne da rikodar kaset. A ƙaramar hukumar Tarauni, wadda Unguwar Gano da Gyaɗi-Gyaɗi ke cikinta, ana iya ganin ɓangarorin biyu kusa da juna: ga tashar Unguwa Uku a kan titin Zariya, inda motocin haya ke lodin Zariya da Kaduna da Abuja, ga kuma kasuwar waya ta Farm Centre, inda ake sayar da memori da caja da kebul, ake kuma tura wa mutane karatu da waƙoƙi. Direban da ke da rikoda mai lafiya yana iya haɗa ta da wayarsa da adafta a kan kuɗin da bai kai na sabuwar rediyon mota ba.

Matsaloli da gyaransu

Idan sauti ya dusashe ko ya fito ta lasifika ɗaya, galibi hed ɗin biyu ne ba su daidaita ba, ko kuma datti ya taru a kai. Ƙurar hunturu tana ƙara wannan matsala. Ana goge hed da auduga da ɗan sifirit.

A rikoda mai juya gefe da kanta, adafta takan yi sauti mai kyau ne a gefe ɗaya kawai, don haka sai a danna maɓallin sauya gefe. Idan rikodar tana da maɓallin Dolby, ya fi kyau a kashe shi, domin an yi shi ne don rage shuu ɗin zare, ita kuwa adafta ba ta da zare.

Ƙure ƙarar waya yana sa sauti ya fashe. Abin da ya fi shi ne a bar ta a tsaka-tsaki, a ƙara ta jikin rikoda. Wani lokaci kuma ana jin kuka mai hawa da sauka tare da ƙarar inji idan wayar tana caji a ramin laita. Cire cajar yana kawar da shi. Wurin da ya fi saurin lalacewa shi ne kebul, a daidai inda yake lanƙwasa a bakin rikoda.

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta hana amfani da waya yayin tuƙi, saboda haka ana so direba ya zaɓi abin da zai saurara tun kafin ya tayar da mota.

Abubuwan da suka maye gurbinta

Wata da ta yaɗu a Najeriya ita ce MP3 ɗin mota da ake sokawa a ramin laita. Tana karanta memori ko filash, sannan ta watsa sautin a kan zangon FM, rediyon motar ta kama. Rauninta shi ne tana buƙatar mitar da babu tasha a kanta, kuma a birni mai gidajen rediyo da yawa kamar Kano, inda ake da Freedom a kan 99.5, da Dala a kan 88.5, da Arewa a kan 93.1, sauti yakan cakuɗe. Adaftar kaset ba ta da wannan matsalar, domin ba ta bi ta iska.

Tun daga iPhone 7 a shekarar 2016, wayoyi da dama sun daina zuwa da ramin iyafis. Akwai kuma adaftar kaset mai Bluetooth, wadda ba ta da kebul amma tana da batirin da sai an yi masa caji. Sababbin rediyoyin mota kuma suna zuwa da ramin USB da Bluetooth, don haka buƙatar adaftar tana raguwa yayin da motoci masu rikodar kaset ke ƙarewa a kan titi.