Ko Ka Sani? Kaskar da Ke Raba Mutum da Nama

Ko ka san cewa akwai kaskar da cizonta kan iya hana mutum cin naman sa, na rago da na akuya har tsawon shekaru? A dazuzzukan kudu maso gabashin Amurka ta fi yawa. Masana suna kiranta Amblyomma americanum, mutanen yankin kuwa sun gane ta da ɗigon fari guda ɗaya da macen ke da shi a tsakiyar baya. Ƙafafunta takwas idan ta girma, domin kaska 'yar'uwar gizo-gizo da kunama ce, ba ta cikin dangin ƙuda da sauro. Jinin barewa ta fi so, amma idan mutum ya ratsa ciyawa ba ta ƙyale shi.

Labarin ya fi rikitar da waɗanda suka yi shekaru suna ƙaurace wa nama, kamar yadda mutane da dama ke yi a Turai da Amurka, daga baya kuma suka ce bari su koma. Mutum ya ci nama karo na farko, ciki ya murɗa, sai ya ce cikinsa ya manta da nama. Ciki ba ya mantawa. Ruwan tsamin tumbi da sinadaran da ke narkar da wake da gyaɗa su ne dai ke narkar da tsoka, kuma jiki bai daina samar da su ba. Abin da kan faru shi ne kitse ya yi wa cikin nauyi, ƙwayoyin halittar da ke zaune a hanji kuma su ɗauki 'yan kwanaki kafin su saba da sabon abinci. Kumburin ciki ne da ɗan tashin zuciya, su wuce idan aka fara da kaɗan. Amma a yankunan da wannan kaska take, akwai wanda ta ciza tun yana cin ganye da hatsi, bai ga wata alama ba saboda babu nama a kwanonsa. Ranar da ya koma wa nama, ranar ce ciwon zai bayyana.

Asalin abin wani nau'in sukari ne da ake kira alfa-gal. Yana cikin jikin kusan duk dabbar da ke shayar da 'ya'yanta: saniya, tunkiya, akuya, raƙumi, zomo, barewa. Ɗan'adam ba shi da shi, haka ma birran Afirka da Asiya. Duk da haka muna cinsa kullum a cikin nama ba tare da wata damuwa ba, domin abin da ya bi ta baki garkuwar jiki kan ɗauke shi a matsayin abinci. Kaska ce ke ɓata wannan zaman lafiya. Tana kafa baki a fata ta yi kwanaki tana tsotso, tana zuba yawunta mai ɗauke da wannan sukari. Da ya shigo ta fata, tare da yawun da ke tayar da garkuwar jiki, sai jikin wasu mutane ya rubuta sunansa cikin abokan gaba. Daga nan duk lomar nama ta zama takalar faɗa.

Yadda aka gano shi ma abin mamaki ne, don ba daga mahauta aka fara ba, daga ɗakin masu ciwon daji ne. A 2004 aka amince da wani maganin ciwon daji mai suna cetuximab a Amurka. Ba a jima ba likitoci suka lura cewa a jihohi irin su Tennessee, Arkansas da North Carolina, marasa lafiya da yawa jikinsu kan yi mummunan bori tun a allurar farko, alhali a arewacin ƙasar da wuya a ga haka. Yaya jiki zai yi faɗa da maganin da bai taɓa haɗuwa da shi ba? A 2008 aka buga amsar: maganin yana ɗauke da alfa-gal, kuma jinin mutanen ya riga ya shirya masa. Ayarin Farfesa Thomas Platts-Mills na Jami'ar Virginia ya lura cewa yankin da abin ya yawaita ya yi daidai da yankin wata cutar zazzaɓi da kaska ke yaɗawa. A 2009 suka ba da rahoton mutanen da nama ke tayar wa borin jini sa'o'i bayan sun ci. Shi kansa farfesan kaska ta cije shi a daji, ya kamu. A ɗaya gefen duniya kuma, wata likita a Sidni ta Ostareliya, Sheryl van Nunen, tun 2007 ta riga ta danganta cizon kaskar ƙasarsu da wannan matsala.

Abin da ya sa ciwon ke wahalar ganewa shi ne jinkirinsa. Wanda gyaɗa ba ta karɓe shi ba, cikin mintuna yake sani. Wannan kuwa yakan ɗauki sa'o'i biyu zuwa shida, saboda sukarin yana maƙale da kitse, kitse kuma a hankali yake barin hanji ya shiga jini. Mutum ya ci tuwo da nama da daddare, ya kwanta lafiya, ƙarfe biyun dare ya farka da ƙaiƙayi, jiki duk rudu-rudu, leɓe a kumbure. Wani ciwon ciki da gudawa kawai zai gani. Wani numfashinsa ya sarƙe, jininsa ya faɗi, kuma wannan kan iya kisa. Wa zai zargi abincin da aka ci tun bayan isha'i? Ƙari a kan haka, ba kullum yake tashi ba. Ƙoda da sauran kayan ciki da nama mai kitse sun fi tayar da shi, haka nan giya ko motsa jiki bayan cin abinci.

A Yulin 2023 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ce an samu sama da mutum 110,000 da ake zaton suna da wannan ciwo tsakanin 2010 da 2022, kuma ainihin adadin zai iya kaiwa 450,000. Cikin ma'aikatan lafiya 1,500 da ta tambaya, kashi 42 cikin ɗari ba su taɓa jin sunansa ba. A ganina wannan kashi 42 ya fi adadin masu ciwon tayar da hankali.

Mai wannan ciwo bai rasa komai da komai ba. Kaza, zabo, talo-talo, ƙwai da kifi duk ba su da alfa-gal, ashe nan ma kaska za ta mutu da haushin kifi. Wasu sai sun haɗa da barin madara da man shanu, wasu kuma ba sa buƙata. Idan mutum ya kiyaye kansa daga sabon cizo, ƙarfin ciwon kan ragu da shekaru, har wasu su koma cin nama a ƙarƙashin kulawar likita. Sabon cizo kuwa yana mayar da hannun agogo baya.

Ba Amurka da Ostareliya kaɗai ba ne. An sami ciwon a Suwidin, Jamus da Japan, kowace ƙasa da irin kaskarta, kuma likitocin Jami'ar Cape Town sun tabbatar da shi a ƙauyukan Eastern Cape na Afirka ta Kudu. Kaskar nan mai zane da ke maƙale wa shanunmu, Amblyomma variegatum, gida ɗaya suka fito da ta Amurka. Zumunci kaɗai bai isa a ɗora mata laifi ba, amma ya isa makiyayi da mahauci da manomi su riƙa duba jikinsu bayan aiki.

Idan ka ga kaska a jikinka, ka kama ta da hantsaki dab da fata ka ja a hankali, kada ka ƙona ta ko ka matse cikinta. Idan kuma ka ci nama, sa'o'i bayan haka jikinka ya yi rudu-rudu ko numfashi ya yi maka wuya, ka tafi asibiti nan take, ka gaya wa likita abin da ka ci da lokacin da ka ci shi, ka kuma faɗa masa ko kaska ta taɓa cizonka.