Daga Kano Zuwa Legas Da Mota: Yadda Za Mu Raba Kwana Tara

Da zarar hutu ya ƙarato, ba a rasa wanda zai ce a majalisa, "Mu tara kuɗin mai mana, mu je Legas da mota." Nan take sai kowa ya ɗauko waya ya buɗe taswira, ya ga awannin da ta nuna, a ce ai kwana ɗaya ma ya isa. A nan yawancinmu muke fara kuskure, domin lissafin waya bai san shingen jami'an tsaro ba, bai san ramuka da jerin tireloli ba, balle tsayawar salla da cin abinci.

Mu ɗauka hutunmu mako guda ne, daga Asabar zuwa Lahadin sama, wato kwana tara. Idan muka bi ta Abuja da Lakwaja, tafiyar ta kusa kilomita 1,200. Kafin mu fara lissafa wuraren da za mu gani, sai mu cire kwanakin hanya tukuna: uku na zuwa, uku na dawowa, ɗaya kuma na ko-ta-kwana, saboda mota tana iya ɓaci, kuma jiki na buƙatar hutu kafin a koma aji ko wurin aiki. Abin da ya rage wa Legas kwana biyu ne kacal. Wanda bai yarda da wannan lissafi ba, shi ne zai ƙare da tuƙin dare a hanyar da bai sani ba.

Ranar farko mu tashi bayan sallar asuba, mu wuce Zariya da Kaduna, mu kwana Abuja, tafiyar kilomita 400 da 'yan kai. Kafin shiga gari za mu ga Dutsen Zuma a kusa da Madalla, kuma tsayawar minti goma ta ishe mu ɗaukar hoto. Rana ta biyu ita ce mai daɗi. Bayan kimanin kilomita 200 za mu iso Lakwaja, inda kogin Neja da na Binuwai suka haɗu, kuma daga saman Dutsen Patti ana hango mahaɗar sosai. Sai dai kada mu wuce awa biyu a nan, domin akwai Okene da Owo a gabanmu kafin mu kwana Akure. Rana ta uku mu bi ta Ilesha da Ife zuwa Ibadan, mu ci abincin rana a unguwar Sabo wurin 'yan'uwanmu Hausawa, sannan mu ƙarasa kilomita 130 ɗin da suka rage tun kafin cunkoson yamma ya rufe mashigar Legas.

A kowace rana wuri ɗaya kawai muka zaɓa. Ruwan da ke gangarowa daga dutse a Erin-Ijesha da Jami'ar Ibadan, wadda aka kafa a 1948, duk suna kan hanyarmu, amma gara mu bar su sai a dawowa.

Sai batun aljihu. Idan motar tana shan lita 10 a kowace kilomita 100, zuwa da dawowa za su ci lita 240, ban da yawon cikin Legas. Mu ninka wannan da farashin mai na ranar, mu ƙara kuɗin masauki da abinci, sannan mu ware wani abu na gyara wanda ba mai taɓawa.

Mako guda kafin tafiya a kai motar wurin bakanike ya duba birki, tayoyi, fitilu da baƙin mai. A tabbatar akwai safaya da jak da abin kashe gobara, kuma lasisin tuƙi da takardun mota ba su ƙare ba. Lallai a samu direbobi biyu masu karɓar juna, kada kuma a wuce gudun kilomita 100 a awa ko da titi ya yi kyau. Lambar gaggawa ta Hukumar Kiyaye Haɗurra ita ce 122, kowa ya ajiye ta a wayarsa.

Mu nemi izinin iyaye, mu gaya musu garin da za mu kwana kowace rana, mu kuma tambayi direbobin tasha halin da hanya take ciki kafin mu tashi. Idan magariba ta riske mu ba mu kai masauki ba, mu kwana a babban gari mafi kusa. Ranar ko-ta-kwana da muka ware tun farko, dama don irin wannan ce.